Ragon da Na Karɓa

Sadiya ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta sassauta inda na tsaurara. Zamanmu a Gadarif, da rasuwar mahaifinku, da yadda yaƙi ya fito da mu da ƙullin kaya ɗaya a ka, duk na ba ku labarinsu, kuma babu inda na sunkuyar da kai a ciki. Shekarata ta biyu a Alƙahira kuwa daban take. Da son raina za a bi, da na tsallake ta kamar yadda ake tsallake kwata a bakin hanya. Amma ku 'ya'yana da jikokina kuna ɗauke da wani labari a kan wannan shekarar, kuma ba shi ne ba.

'Yar farina ce ta ɗauko mu. Kun san ba na kiran sunanta. Haka uwata ta yi da yayana, haka aka yi a gidanmu tun kafin kakanni su baro ƙasar Hausa da niyyar Makka su yada zango a Sudan su manta da tashi. Maƙwabtanmu a unguwar Hayyin Ashir suna ce mata Muhandisa, wato injiniya, to ni ma haka zan kira ta a nan. Ta riga mu zuwa Masar da shekaru masu yawa, karatu ya kawo ta, aiki ya riƙe ta, mijinta kuma yana Jidda wajen nema. A hawa na huɗu muke, ɗaki biyu da falo: ni, da ita, da 'yarta Nana, da Sadiya ƙanwarta. Magana tsakanina da Muhandisa ba ta tafiya kai tsaye. Tana zaune a gabana zan ce, "Sadiya, gaya wa yayarki abinci yana hucewa." Ita ma ta Sadiya take aiko da tata. Misirawan da ke ƙasa da mu sun ɗauka faɗa muke yi. Ba faɗa ba ne, kunya ce, kuma duk rayuwata ina ganinta ado, sai a wannan shekarar na mai da ita katanga na ɓuya a bayanta.

Aikinta a bakin Bahar Maliya yake, wajen da iska ba ta hutawa dare da rana. Wani kamfani ne ke son gina masana'anta a can. Yadda na fahimta daga hirarsu, za su ɗebo ruwan teku su tace gishirin, su sa wutar da manyan fankoki da allunan rana suka samar ta tsaga ruwan gida biyu. Ɗaya rabin iska ce da suke kira haidurojin, tana ci kamar gas amma ba ta hayaƙi, ita za a loda a jirage a kai wa Turawa. Ranar da na fara ji, cewa na yi, mu dai mun san ruwa da kashe wuta, yau kuma shi ne itace? Nana ta yi dariya har ta ƙware.

"Habboba, ke dai ki tsaya a kan gawayinki."

"Gawayin nan shi ya dafa abin da ya yi miki wannan bakin, mara kunya."

Habboba shi ne kaka a bakin mutanen Sudan, kuma ita kaɗai ke yi mini irin wannan tsiya ta kwana lafiya. To bankunan da za su ba da bashin ginin ba sa sakin komai sai an aika wani ya duba abin da zai sami teku, da abin da zai sami mutanen da ke zaune a wurin, da kuma ko an shafa wa wani mai a baki a hanya. Ofishin su Muhandisa ke wannan dubawar, kuma ita ke sa hannu a ƙarshe. Rigimar duk a kan abu ɗaya ta tsaya. In an tace ruwa, abin da ya rage ruwan gishiri ne mai kauri kamar ruwan kanwa, dole a mayar da shi teku. Kusa da wurin akwai wani lungun ruwa marar zurfi inda kifi ke zuba ƙwai, kuma wani ƙaramin ƙauyen masunta a kansa yake ci. Gajeren bututu a nan zai zubar. Dogon bututu zai kai shi can tsakiya inda ruwa ke gudu, amma ya fi tsada, ya fi cin lokaci. Wannan ɓangaren ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Shekara ashirin na yi ina rini a Gadarif. Kowace sana'a tana da ruwan zubarwa, kuma halin mutum a inda yake zubar da nasa ake gane shi. Ni ban taɓa juye baho a ƙofar maƙwabciya ba, har bayan gari nake sa a kai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce tsohuwa ba ta san abin da ke kan faifai ba.

Kuma an gargaɗe ni. Wata safiya tana ɗaura takalmin aikinta mai nauyin nan, ta ce:

"Sadiya, ki gaya wa Inna, duk wanda yake da alaƙa da aikin nan ya kawo wani abu gidan nan, ko dabino ne, kada a karɓa. In ma an riga an karɓa, a faɗa mini a ranar. Akwai takardar da nake cikawa. In na rubuta da wuri, khalas, shi ke nan, babu laifi. Ɓoyewar ce ke kashe mutum."

Na ce, "Gaya wa yayarki tun ba a haife ta ba nake karɓar baƙi."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Yanzu sai na faɗa muku abin da ke cina a lokacin, ba don ya wanke ni ba. A Gadarif ba a taɓa yin Babbar Sallah ban yanka ba, ko bayan rasuwar mahaifinku. Da hannuna nake kasa nama, na san gidan da za a kai cinya, na san gidan da za a kai haƙarƙari a rufe don kada a ga talaucinsu. Sallata ta farko a Alƙahira, Muhandisa ta yi irin ta mutanen nan: ta biya wata ƙungiya, aka ba ta takarda, wai an yanka a wani wuri an raba. Ban ga rago ba, ban ga jini ba, ban ji ƙaurin kai da ƙafa ba. Layyar takarda na sa mata suna. A wannan ranar kuma, ina fitowa daga idi, wata mata ta dubi tobina, lulluɓin matan Sudan, da baƙar fatata ta cusa mini ledar nama a hannu tana yi mini addu'ar Allah ya mai da mu gida. Ba ta yi laifi ba, alheri ta yi. Amma ledar nan ta zauna mini a ƙirji shekara guda cur.

Saura kwana huɗu Sallah ta biyu, Muhandisa tana can bakin teku, Sadiya ta tafi layin sabunta katinmu na zama, Nana tana wajen darasi. Bayan azahar na ji hayaniya a matakala, mai gadin gidan yana ta "yalla, yalla", wani abu yana turjewa. Na buɗe ƙofa sai ga Alhaji Sale. Ɗan garinmu ne, ya san mahaifinku, yana da shago a kasuwar Ataba inda yake sarin takalma da hulunan ƙarfe yana sayar wa 'yan kwangila. A bayansa wani Bamisire ne ƙato mai ladabi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa. A bayansu kuma rago. Ba irin na Masar ba masu kitse a gindi. Irin namu ne, ja, dogo, wutsiyarsa har ƙasa. Inda suka samo shi Allah kaɗai ya sani. Ina ganinsa na ji ƙamshin gida.

"Gwaggo, ai kunya ta hana ni zuwa hannu rabbana," in ji Alhaji Sale. "Matar Malam guda, a ce Sallah ta zo ba a ji kukan dabba a gidanta ba? Ina raye?"

Na shimfiɗa musu darduma, na kawo shayi. Aka gaisa, aka tuna matattu. Sai Alhaji Sale ya nuna baƙon da haɓa.

"Wannan abokin arzikina ne, shi ya kama ragon ma, ni rakiya na yi. Suna aiki tare da 'yarmu a bakin teku. Shi ke shimfiɗa bututu."

Bamisiren ya dafa ƙirji. "Ya Hajja, Muhandisa ba ta da na biyu. Sai dai tana da tsanani. Mu ma muna da iyali, muna da ma'aikata da ke jiran aiki ya tashi. Ba ma neman komai, ta dube mu da idon rahama kawai."

Ku saurara da kyau. Na gane. Tun kafin ya rufe baki na gane, kuma maganar da ta yi tana ɗaura takalmi ta dawo mini kalma kalma. Amma a gidanmu ba a mayar da kyauta, mayar da ita zagi ne, balle wadda ɗan gari ya rako har hawa huɗu. Wannan ita ce hujjar da na ba kaina. Gaskiyar da ke ƙarƙashinta kuwa, ragon nake so. Sai na faɗi abin da manya ke faɗa in an kawo ƙarar ɗansu:

"Yarinya ba za ta ba ku kunya ba, in Allah ya yarda."

"Tamam, tamam," in ji shi, fuskarsa ta washe. Da za su tafi Alhaji Sale ya ce a ɗauki hoto don tarihi, ya miƙa wa mai gadi wayarsa. Na gyara tobina na tsaya, hannuna a kan ƙahon ragon. Har murmushi na yi, ni da ba na yi wa hoto murmushi.

Ranar jajibiri Muhandisa ta dawo, rana ta ƙona ta, gishiri ya yi fari a takalminta. Tana ajiye jaka ta ji kuka daga saman bene inda muka ɗaure shi.

"Sadiya, tambayi Inna ragon wa ke sama."

"Gaya mata Alhaji Sale ne ya tuna da zumuncin ubanku."

Sai ta yi abin da ba ta saba ba, ta juyo ta dube ni ido cikin ido.

"Inna, shi kaɗai ya zo?"

Na ce, "Tun yaushe aka fara titsiye uwa a gidan nan?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce in yi haƙuri. Ita ta ba ni haƙuri. Ba ta san Alhaji Sale yana sayar wa masu aikin kaya ba, a wurinta tsohon abokin ubanta ne kawai. Washegari aka kira mahauci. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno na kasa nama kamar a Gadarif, na aika gida goma sha wani abu a unguwar, matan garinmu suka yi ta hawowa suna cewa, "Inna ta dawo da mu gida." Hantar na gasa da kaina na ce Sadiya ta ajiye a gaban yayarta. Ta ci, ta ce ta yi daɗi. Ban taɓa jin daɗin Sallah kamar wannan ba, kuma ina so a rubuta haka, don shi ne ma'aunin abin da na sayar da ita a kansa.

Bayan Sallah da kwana tara ta gama rahotonta. Dogon bututu ta rubuta, ta ce in ba haka ba lungun kifin zai mutu cikin 'yan shekaru, ƙauyen ya bi shi. Da safe ne, tana zaune a teburin falo, ni ina tsintar shinkafa a tire. Ta zo kan takarda ta ƙarshe, wadda mutum ke shaida cewa shi da mutanen gidansa ba su karɓi komai daga kowa ba. Ta ɗaga biro ta tsaya.

"Sadiya, ba abin da ya shigo gidan nan da ba na nan, ko?"

"Ba komai, Yaya. Sai ragon Alhaji Sale."

Tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Ko a lokacin da na buɗe baki, da ta rubuta, ta biya kuɗin ragon, a ba wani ya sake duba aikinta, a wuce wurin. Amma sai in faɗi a gaban Sadiya cewa na yi ƙarya, kuma in faɗa wa wadda ban taɓa zama na yi doguwar magana da ita ba. Na ci gaba da tsintar tsakuwa. Na ji ƙarar biron a kan takarda. Karɓar ragon kuskure ne, wannan shirun kuwa zunubi ne, kuma na san bambancinsu tun a ranar.

Ba a yi mako ba Alhaji Sale ya kira ni a waya, babu ko doguwar gaisuwa.

"Gwaggo, ba haka muka yi da ke ba."

"Me muka yi da kai?"

"Kin ce ba za ta ba mu kunya ba. Mutumin nan ya riga ya sayi kayan gajeren bututu. Yanzu da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda ka hau mini bene da shi," na ce, na kashe wayar. Na ji kamar na yi jarumtaka. Ko a nan ma ban gaya mata ba.

Wata ranar Talata ta dawo gida kafin azahar, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta nemi Sadiya ba. Ta durƙusa a gabana ta ajiye wayarta a kan cinyata. Hoton nan ne a ciki: ni ce, da murmushina, da hannuna a kan ƙaho, da Alhaji Sale a gefe. An yanke Bamisiren daga hoton, ko kafaɗarsa babu. Wani da bai faɗi sunansa ba ya aika wa bankin, da bayanin cewa gidan Muhandisa na karɓar kyauta daga masu sayar wa aikin kaya, don haka rahotonta sayayye ne.

"An dakatar da ni, Inna," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Na rantse musu ban san komai ba. Ina so in san ko na yi rantsuwa a kan gaskiya. Wa ya zo da shi?"

Na faɗa mata duka, har da abin da na ce musu. Ina magana ina kallon bango, don ban iya kallonta ba. Da na gama, tana nan a durƙushe, ta ce:

"Sau biyu na tambaya."

"Sau biyu."

"Wata bakwai ina zama da matan masuntan nan a kan yashi. Sun ce mini duk wanda ya zo da takarda maƙaryaci ne. Na ce musu ni ba haka nake ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi da na fi samun sauƙi.

Ni na ce sai an kai ni gaban masu binciken. A mota Sadiya ta yi ta roƙona.

"Inna, ki ce ba ki gane ba. Ki ce ke ba ki yi makaranta ba, kin ɗauka zumunci ne. Wallahi za su yarda, ma'alish, ba komai, za su ce."

Ofishin a wani dogon gini yake, duk gilashi, sanyi kamar cikin randa. Maza biyu Misirawa, da wata Baturiya a cikin allon talabijin na bango ana fassara mata. Suka ba ni ruwa, suka kira ni Hajja. Babban cikinsu ya tambaye ni da Larabci a hankali, kamar mai magana da yaro, ko na san abin da kyautar take nufi. Ƙofa ce ya buɗe mini in fita. Na ce masa ban yi boko ba, amma na san rago ba ya hawa bene huɗu saboda Allah kawai. Na ce mai shimfiɗa bututun ne ya kawo shi, na faɗi kamanninsa da abin da ya roƙa. Na ce yarinyar ta gargaɗe ni tun kafin a zo, ta tambaye ni bayan an zo, ni na toshe mata baki da girman uwa. Baturiyar ta tambaya me ya sa. Na ce a gaya mata ina son a ce na yanka. Mai fassarar ya juya mata maganar. Muhandisa tana zaune a gefena tana kallon hannuwanta. Ban taɓa tsiraita a gaban mutane kamar ranar ba, kuma na fito ina zaton na biya.

Ban biya komai ba. Bamisiren ya ce bai taɓa taka unguwarmu ba. Alhaji Sale ya rantse shi kaɗai ya zo, don zumunci. Mai gadi ya ce ya ga wani mai kwat, amma shi ba ya riƙe fuska. Masu binciken suka rubuta cewa ba su sami Muhandisa da cin hanci ba, sun yarda ba ta sani ba. Sai dai kyauta ta shiga gidanta daga mai alaƙa da aikin, ita kuma ta sa hannu cewa ba ta shiga ba. Takarda ba ta san uwa ba, ba ta san kunya ba. Aka ajiye rahotonta gefe, aka cire ta daga aikin, da kwangilarta ta ƙare ba a sabunta ba. A irin sana'arta sa hannun shi ne jarin, kuma duk ofishin da ta nema sai sun tambayi abin da ya raba ta da na baya.

Nan ne labarin da kuka sani ya samo asali. Matan unguwa suka hawo jaje, waɗanda suka ci naman nan. Wata ta ce, "Ai dama ba za su bar baƙar mace 'yar gudun hijira ta hana su abin da suke so ba." Sauran suka ce wallahi haka ne. Maganar tana da inda ta kama, don ba sau ɗaya ba an yi mana gori a mota da kasuwa. Suka dube ni. Na gyaɗa kai. Daga ranar labarin ya zauna, ya je Jidda, ya je wurin 'yan'uwanku da ke warwatse, ya dawo da ƙari. Muhandisa tana jin ana faɗa a gabanta ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta kuma hana Sadiya magana. Ta koma koyar da lissafi gida gida a unguwar Hay el-Sabi', tana hawa benayen mutane da jakar littattafai, ita da injiniyoyi ke miƙewa in ta shigo. Kullum da safe tana gaishe ni a durƙushe kamar da. Sama da shekara tana rufa mini asiri da sunanta, ni kuma ina lulluɓe da shi ina jin ɗumi.

Abin da ya yaye shi Nana ce. Sakamakon jarrabawarta ya fito, lissafi da kimiyya babu wanda ya kama ƙafarta a makarantarsu. Ranar Juma'a muna cin abincin rana, uwarta ta ce gobe za su je a cike takardar jami'a, sashen injiniya, abin da yarinyar ke faɗa tun tana 'yar ƙarama.

"Na fasa, Mama."

"Kin fasa me?"

"In yi shekara biyar ina wahala, in zo in yi gaskiya, su kore ni don fatata? Ga ki nan. Ke da kika fi su duka. Gara in koyi ɗinki, aƙalla keke ba ya duba launin mutum."

Muhandisa ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Na ga za ta bar 'yarta ta tafi a kan ƙaryar nan don kada ta tona ni. Na tsame hannuna daga kwano.

"Nana, ba fatarta ce ta kore ta ba. Ni ce."

"Habboba, ke kuma da wane ƙarfin? Ko matakala sai an riƙe ki."

"Rufe bakinki ki buɗe kunne, ba wasa nake ba."

Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku yanzu, ban rage ba. Tana ji fuskarta tana sauyawa, wannan yarinyar da ke hawa gadona tana tsokanata. Da na kai wurin tiren shinkafa ta janye gwiwarta daga jikin tawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta juya wajen uwarta.

"Masuntan fa?"

"An kawo wasu daga waje suka sake dubawa," in ji Muhandisa. "Kwana biyu suka yi, a lokacin da kifi ba ya ƙwai. Bututun yana inda suka so, a lungun kifin."

Ba wanda ya ƙara cin loma. Washegari da sassafe na ji su biyun suna sauka, Nana tana tambaya ko an ɗauko hotunan fasfo. Nana ta cike takardar jami'ar. Ta yi wata biyu ba ta tsokane ni ba, kuma ko yanzu da ta dawo yi, akwai inda take tsayawa.

Saboda haka ku daina faɗin wancan labarin. Wanda ya riga ya faɗa wa wani, ya koma ya gyara, ko a waya ne. 'Yata ba ta ci amanar kowa ba, ba a kuma kore ta don launinta ba. Akwai mutane a bakin teku da ban taɓa gani ba, waɗanda ban san yadda zan nemi gafararsu ba, kuma ba na so a ce musu wadda ta zauna da su a kan yashi ce ta yaudare su. Duk wanda bai gamsu ba, a cikinku ko a cikin matan unguwa, ya hawo hawa na huɗu ya tambaye ni. Ba na zuwa ko'ina, kuma yanzu in an tambaye ni ina amsawa.